Girar Dogo da Hular Sale

Kai, Bashir, ajiye hular nan! Da ita za ka goge sirdin keke? Miƙo ta nan tun raina bai ɓaci ba. Juya cikinta ka gani. Wanga baƙin da ke gindinta ba dauɗa ba ne, ƙuna ce, kuma ba murhu ya yi ta ba.

Jiya ina kwance kan angarib, gadona na igiya, ina jin ku ƙarƙashin rumfa, kai da abokanka, kuna ta dariya. Wai Baba Sale bai taɓa aikin wahala ba, wai sana'arsa ita ce ya kunna makanar sinima ya zauna ya sha kallo kyauta. Kyauta! Ku da kallonku ke cikin aljihu, in abin kunya ya taso ku sa yatsa ku ture shi gaba, ku ne za ku faɗa mini abin da ke da sauƙi? To ku zauna. Kai ma mai jar riga, zauna, ba inda za ka sai na gama.

Na koyi sinima a Madani, nan Sudan, wajen wani Bakibɗe, Kiristan Masar, da ake kira Usta Girgis, Usta wato gwanin sana'a. Yana da tsohuwar lori guda da makana guda, yana yawo da su ƙauyukan Jazira da bakin kogi, daga an gama cirar auduga har ruwan farko ya faɗi. In damina ta sauka shi ke nan, wagga baƙar laka tamu ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shige ta, balle lori. Na zo masa ina saurayi, na gudo daga gonar auduga, ina tsammanin na samu aikin inuwa. Rani guda cur ban taɓa makanar ba. Aikina haƙa ramin sanduna, ɗaura farin yadin da hoto ke faɗawa kai, wanke shi, da ɗaukar babur. Babur a wurinmu shi ne injin da ke ba da wuta, ba wanga da kuke hawa kuna firgita awaki ba. Sai an kai shi can nesa bayan shinge don kada ƙararsa ta danne magana, a jawo waya a binne ta. In ba ka binne ba, wallahi sai wani ya zo ya ɗaure akuyarsa da ita.

Da Usta ya yarda na matso kusa da makana, buroshi ya fara miƙo mini. Akwai wata 'yar ƙofa da sharit ke bi, wato dogon zaren fim ɗin da ke naɗe a faifai. Ƙwayar rairayi guda in ta maƙale nan, za ta ja wa fim zane tun daga farko har ƙarshe. Silin gashi in ya shiga, a kan yadi maciji ne, yana ta rawa a goshin mutum. Sannan ga zura sharit: madauki sama, madauki ƙasa. Ka matse shi, hoto ya kama ɓari. Ka sake shi, baki ya gama motsi sannan magana ta biyo shi a baya. Ƙwan fitila kuwa ba a taɓa shi da yatsa, ba a motsa makana yana da zafi, kuma in ya mutu sai Hartum. Usta bai taɓa dukana ba. Sai dai ya dubi hannuna ya ce, "Ya Sale, wannan hannun na kwasar taki ne." Da ma ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani kallo a Abu Hujar da ba na mantawa. Iskar kogi ta taso tana cika yadi, duk wanda ya fito sai cikinsa ya kumbura ya sace. Ina fama da igiya, sai sharit ya tsinke daidai lokacin da mugu ya ɗora wa jarumi bindiga a ƙeya. Filin ya rikice. Ka kankare bakin sharit da reza, ka shafa ruwan liƙi mai warin nan da ke hawa kai, ka haɗa ramukan gefe su yi daidai, ka danne ka jira ya kama, duk da hasken tocila a baki, ƙwari na shiga maka ido. Ina cikin haka sai ga wani Bafillace da sandarsa a kaina, wai da gangan na tsayar don ina bayan mugun. Na ce, "Bawan Allah, ni ban ma san shi ba." Ya ce, "To sake shi ya tashi." Bai gusa ba sai da ya ga jarumin ya kuɓuta.

Duk wanga wasa ne. Ainihin wahalata mutum guda ne, kuma ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Wani ɗan wasan Amirka ne, sunansa na gaskiya harshena bai taɓa ɗauka ba, mu Dogo muke ce masa. Dogo ne kuwa, ga faɗin ƙirji, gashi baƙi wuluk an kwantar da mai yana sheƙi. Usta yana karanta mujallun Masar, shi ya ba ni labarinsa. Wai da can mai zuba wa motoci fetur ne a wani ƙaramin gari, wata mata daga kamfanin fim ta tsaya shan mai ta gan shi. Sunka ɗauke shi, sunka canza masa suna, sunka gyara masa haƙora, har tafiya sai da anka koya masa sabuwa. Na ce wa Usta, "To me ya rage nasa?" Ya ce, "Girar."

Finafinansa ba su iso mana sai Hartum ta gaji da su, Madani ta gaji da su, sun sha zane har ka ce ruwa ake a cikin ɗaki. Kuma ba bisa tsari suke zuwa ba. Bana sojan ruwa ne yaro shar, baɗi makiyayin shanu ne da bindiga har ya fara tumbi, sannan ya sake dawowa yaro. Ba wanda wannan ya dama. Turanci ba mu ji, rubutun Larabci da ke ƙasa 'yan kaɗan ke iya bin sa, amma in anka yi shela Dogo ne, ko mai zazzaɓi sai ya taso.

Mata ba su zama da maza. Bayan yadi suke shimfiɗa tabarmi, hoto yana ratsawa suna ganinsa sarai, sai dai a juye. A garinmu, Hillar Bawa, kudu da Sinja, shugabarsu ita ce Gwaggo Asabe mai ƙosai, yayar umda, wato mai garin. "Ɗan nan nawa" take kiran Dogo. Duk fim sai ta auna matar da anka haɗa shi da ita, kuma ba wadda ta taɓa yi mata. Kana cikin aiki sai ka ji murya daga bayan yadi: "Wagga? Dubi hannunta, ta taɓa tuƙa tuwo?" Mun sha musu da ita kan girarsa. Maza duk sun san girar hagu yake ɗagawa, ita ta rantse ta dama ce. Na yi mata bayani har yawuna ya ƙare, na ce, "Gwaggo, ta baya kike gani." Ta ce, "Ku ne kuke ganinsa a juye. Ni zan kasa sanin girar ɗana?"

Ƙanenta kuwa, Umda Malam Isiyaku, ba mutumin wasa ba ne. Hillar Bawa ita ce babba cikin garuruwan Hausawa na wanga yanki, abin da ya faɗa shi sauran ke bi. Ranar da munka fara zuwa neman izini ina tsugune bayan Usta, na ji da kunnena. Ya ce, "Girgis, doki na yarda, bindiga na yarda, rawa ma na kau da kai. Amma ranar da baki ya taɓa baki a yadin nan, uba na zaune, ɗa na zaune, suruki na zaune, uwa na bayan yadi, ran nan za ku naɗe shi. Kuma ba za ku sake kafa shi ba a duk inda nake da magana."

Ga shi kuma Dogo ba shi da wata sana'a da ta wuce wannan. Don ita anka ɗauke shi daga gidan mai.

Na ga bakinka ya buɗe, Bashir, na san abin da za ka ce: me ya hana a yanke wurin? Na kakanka ne da zai yanke? Haya muke ɗaukowa, yadda ka karɓa haka za ka mayar, suna aunawa. Me ya hana a kalla tukuna? Fim ɗin da zai sauka jirgin ƙasa da la'asar, a nuna shi bayan isha'i? Da wane fetur, da wane ƙwan fitila? Abin da muke da shi hula ce. In an zo wurin, ka cire hularka ka tare bakin makana, yadi ya yi duhu, ɗaya hannun ya rage murya. In an wuce ka janye.

Ji yadda kuke kallona, wai shi ke nan? To yaushe za ka tare? Ka yi sauri, samari su taso maka, "Sale, ba a kai ba! Zance suke!" Ka yi jinkiri da ƙiftawar ido, sana'arka ta mutu. Abin da ya cece ni shi ne Dogo mutum ne mai tsari. Da fari goge zai fara kuka ƙasa-ƙasa. Wannan ba kome, goge yakan yi ƙarya. Sai ya yi shiru da magana. Sai ya sauke ido. Har yanzu kada ka motsa. Amma da girar hagun nan ta ɗaga, to hula! Ko yana soja, ko yana kan doki, ko yana cikin kwat da wuyan riga, girar ba ta taɓa yaudarata ba.

Janyewar ma aiki ce. Ba manna hular za ka yi ba, ɗan nesa za ka riƙe ta, hoton ya faɗa a gindinta. Dishi-dishi ne, amma kana ganin inuwa biyu sun zama ɗaya. Sai sun koma biyu ka janye. Shi kuwa Dogo ba ya gaggawa, Allah shi shirye shi. Kana tsaye hannu a sama, hula na ɗaukar zafi, mutane na tari suna gyaran murya, shi yana can yana abinsa. Huluna nawa na ƙona a kan mutumin nan! Samari sunka sa ni gaba, wai duk Hillar Bawa ni kaɗai ke cin moriyar fim. In na wuce kasuwa sai ka ji, "Usta Sale, ara mana hular mu leƙa." 'Yan banza.

Usta Girgis ya tsufa, ido ya yi rauni, ya koma Madani ya zauna, ya bar mini lori da makana. Na yi shekaru ina yawo tsakanin Sinja, Abu Hujar da Dinder, ba a taɓa kama ni ba ko sau guda. Sai shekarar fim mai launi.

Shi ne mai launi na farko da na samu, kuma na Dogo. Na sa anka yi shela da ganga. Umda yana da baƙo daga Dinder, uban mijin ɗiyarsa, ya gayyato shi, anka kawo musu angarib gaba-gaba. Dogo ya fito, na ga ya canza. Wuya ya yi kauri, ƙasan ido ya sauko, gashin kuwa ya fi na da baƙi, ka san ba Allah ne ya baƙanta shi ba. Da ma na ji labari a Madani cewa yara masu dogon gashi sun ture shi, kamfaninsa ya sallame shi, duk abin da anka ba shi yanzu karɓa yake. Ban damu ba. Na ce ko ya tsufa, gira tana nan.

Ana cikin fim, suna cikin madafa shi da wata yarinya mai gajeren gashi. Ba goge. Yana riƙe da kofi, yana magana, girar nan kwance lafiya lau. Hulata na kan gwiwa. Sai yarinyar ta taso daga can gefe, ta ƙetare ɗakin, ta kama kunnuwansa biyu.

Ita! Ita ta fara! Jama'a, wa ya taɓa jin haka? Shekara da shekaru ina gadin girar mutum, ashe ta wajen matar abin zai fito. Shi kansa Dogo bai shirya ba, na ga idonsa, har kofin ya zube. Kafin hula ta kai bakin makana an gama. Baki biyu, kowanne ya kai ƙofar zaure, ja-wur cikin launi, a gaban umda da surukinsa.

 Daga bayan yadi salati ya tashi. Baƙon Dinder ya ɗaga kai yana duban sama kamar wanda ke neman wata. Umda ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya fita. Da safe ɗan aike ya zo da kalma guda: naɗe.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai ko'ina, don duk garuruwan nan dangi ne. Na je Abu Hujar, mai gari ya ce baƙi gare shi. Na je wajen Dinder, ko ruwa ba a kawo mini ba. Lori ta zauna har taya ta tsattsage. Gara ta ci gefen yadi. Ni da ake kira Usta, na koma gadin injin ban-ruwa a bakin kogi, ina zuba mai ina korar sauro. In na shiga kasuwa, 'yan banzan nan da ke neman aron hula sai su ce, "Usta, yau ina hular take, a gwiwa?" Na sha zuwa gaida umda. Sai ya amsa lafiya lau, ya tambaye ni ya injin ruwa. Rani ya wuce, damina ta wuce, anka sake cirar auduga, makana na ƙarƙashin gado cikin bargo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da umda nake fushi ba, da yarinyar nan mai gajeren gashi nake.

Gwaggo Asabe ce ta yi yaƙin, ba don ni ba, don ɗanta. Tun umda yana yaro ƙosanta yake karyawa da shi. Daga ranar da anka naɗe yadi ta daina aika masa. Ba ta yi faɗa ba, ƙosai ne dai ya daina zuwa. In ya aika a sayo sai ta ce ya ƙare, ga shi tuli a faranti. Mutum ya daure iya daurewa. Ran nan ya kira ni ya ce, "Sale, sau guda. Sharaɗi na nan yadda yake. In an kuma, ka nemi mai sayen makanarka."

Na tafi Madani wajen masu ba da haya, na ce a ba ni fim ɗin Dogo wanda ba mace a ciki. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ce irin wannan babu, amma akwai guda a ƙasan kanta, na ƙarshen da ya yi, tun daga shi ciwo ya kwantar da shi bai sake fitowa ba. Ba mai hayarsa, wai ba daɗi. Na ce shi nake so.

Ran kallon ko masaka tsinke babu. Umda ya zauna gaba. Ni kuwa hula ba ta bar hannuna ba, ido guda kan Dogo, ido guda kan duk abin da ya sa siket. Da ya fito sai da wuri ya yi guna-guni. Gashi fari fat, ya bar rini. Yana dogara sanda. Mai kiwon dawaki ne a wata ƙasa da fari ya cinye, shi kaɗai a gida. Sai ga wata budurwa ta sauka daga mota da akwati. Suna ta faɗa, ya juya mata baya, ta yi kuka, ta dafa abinci ya ƙi ci. Rubutun Larabcin ya koɗe, ni kuma ina na ga idon karatu. Daga bayan yadi Gwaggo ta ce, "Haba Dogo, da girmanka? Wagga ai ta yi jika da kai!"  Sau biyu ina tarewa a banza, ɗaya wuyan riga take gyara masa, ɗaya magani take miƙa masa. Samari sunka fara tsaki. Na ce ku yi ta yi, ba ku za ku koma gadin inji ba.

Faifai na ƙarshe, yana kwance a gado. Goge ya fara. Ya yi shiru da magana. Ta sunkuyo. Girar hagu ta ɗaga.

Hula!

Na duba gindinta, inuwa biyu sun zama ɗaya. Can ɗaya ta janye, ɗayar tana kwance ba ta motsi. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Na ce dabara ce, yanzu za ta koma. Na riƙe. Na ci gaba da riƙewa har na ji ƙauri, har haske ya huda hular. Da na janye, sai ga tudu, ga tarin ƙasa sabo, ga doki tsaye ba mahayi. Rubutu ya hau. Fim ya ƙare.

Wuri ya kaure. "Ina Dogo?" "Wa ke cikin ramin?" "Sale, me ka yi masa?" Ni me zan yi masa, ina Hillar Bawa yana Amirka? Ana cikin haka sai mutane sunka dare. Gwaggo Asabe ce ta zagayo yadi ta shigo wajen maza, abin da mace ba ta taɓa yi ba. Ta wuce ni, ta tsaya gaban ƙanenta.

Ta ce, "Isiya, tun yana yaro nake kallon ɗan nan. Ya yi ƙiba ina gani, ya yi furfura ina gani. Yau zai tafi a rufe mini da hula? A mayar."

Umda ya ce, "Yaya, koma wajen mata."

"Ba na komawa."

Ya juyo gare ni. "Sale, me ka gani a hular?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, baki ya taɓa. Amma inda ya taɓa, Allah shi ne masani."

Ya dubi yayarsa, ya dube ni. Sannan ya ce, "Mayar. Ba hula. In baki da baki ne, ka san sauran." Ya miƙo hannu na ba shi hular, ya ɗora ta kan gwiwarsa.

Ku da kuke cewa sauƙi, ku zo ku mayar da sharit baya da hannu, makana da zafi, gari guda na kallonka, kana sane da cewa abin da za ka haska shi ne ko abincinka ko ƙarshensa.  Madaukin sama sau biyu yana kuɓuce mini. Na yi bisimilla na kunna. Hannuna na dama yana ta neman hula da kansa, sai da na zauna a kansa.

Goge ya fara. Dogo ya yi shiru. Ta sunkuyo. Wani malamin makaranta da ke kusa da yadi ya samu ya karanto rubutun da ƙarfi: "Ta ce, Baba, na dawo gida." Girar ta ɗaga. Ya yi ƙoƙarin ɗago kai, kan ya ƙi. Ɗiyar ta sa baki a goshinsa. Girar ta sauka a hankali, ta sa hannu ta rufe masa ido.

Ba wanda ya yi tari. Ko babur da ke can bayan shinge sai ran nan na ji ƙararsa sosai. Umda ya ce da ƙarfi, yadda na baya za su ji, "Goshi ne." Gwaggo tana nan tsaye tsakiyar maza, ta riƙe bakin mayafi. Ba da kowa take ba, ta ce, "Ashe ta hagu ce." Ta juya ta tafi gida, ko tabarmarta ba ta ɗauka ba.

Da safe ta soya ƙosai fiye da na kullum, ta raba wa yara, ba ta karɓi ko kwabo ba, ba ta kuma ce don wa ba. Umda ya aiko kirana. Na same shi a zaure shi kaɗai, ga faranti cike a gabansa, yana ci. Ya san ko na mene ne, bai tambaya ba. Hulata na gefe, da huda a gindi har yatsa na shiga. Ya sa na matso, ya rage murya.

"Sale, duk shekarun nan da kake tarewa, sau nawa goshi ne?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ko sau guda."

Ya tauna ƙosai, ya haɗiye. Ya ce, "To ka ci gaba da tarewa." Ya ɗauki tawa ya leƙa ta hudar, ya ajiye. Sai ya cire ta kansa ya miƙo mini.

Da ita na ƙarasa sana'ata, har talabijin ya zo ya kashe mu. Ita ce wagga da ka ɗauko za ka goge keke. Mayar da ita kan ƙusar da ka same ta, ka je wajen uwarka ta ba ka tsumma.